Shanun Dutsen Mertoutek

Muna idar da sallar asuba muka bar Tamanrasset, ni da ƙanena, a motar wani Buzu mutumin Agadas, maƙwabcin shagona. Na daɗe ina son ganin zanen mutanen dā a duwatsun Mertoutek, amma gaskiya ƙanen nan ne ya sa na rufe shago. Tun da Inna ta rasu a Damagaram, ba mu samu jana'iza ba, bai yi kuka ba, bai kira gida ba. In ya dawo daga aikin fenti sai ya toshe kunne da masu huɗubar nasara na waya: ka manta baya, ka gina kanka, namiji ba ya raki. Kullum "lafiya lau" yake ce mini, alhali labarin zuciya a tambayi fuska. Tsorona kada abin ya ci shi a tsaye.

Kwalta ta raka mu har In Amguel, jandarma suka duba takardu, daga nan gargada ta karɓe mu, har na fara tuba da yawon buɗe ido. Hirafok ce ta wanke mini rai: lambuna kore shar a tsakiyar baƙaƙen duwatsu, tumatir kuma araha kamar a gonar kakanka. Direba ya binne ƙullun tagilla, burodin Buzaye, cikin yashi da garwashi, ya tono shi ya karkaɗe. Na ci ina laluben tsakuwa da harshe, ban samu ko ɗaya ba.

Bayan azahar muka isa, muka hau dutse a ƙafa ina haki. Da direba ya nuna mana wurin, ban ga komai ba sai ja-ja a jikin dutse. Ƙanena, da yake ya saba jiƙa bango don launi ya fito, ya buɗe gorar ruwa zai watsa. Direba ya riƙe masa hannu.

"A'a, ɗan'uwa, ruwa kashe shi yake. Zauna, rana za ta nuna maka."

Muka zauna. Babu reso, wato sabis, waya ta yi shiru. Wajen la'asar haske ya karkato, sai ga shanu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ƙahoni zara-zara. Layi guda mai zanen ya ja daga wuya zuwa wutsiya, hannunsa bai yi rawa ba. Allah Ya yi masa baiwa, ko wane ne shi. A ƙarƙashin wata saniya ga mace durƙushe tana tatsa.

Ƙanena ya daɗe yana kallonta.

"Yaya," ya ce, "haka Inna take durƙusawa."

Sai kuka, irin na tun daga ciki. Ban ce masa ya yi haƙuri ba, don ni ma nawa ya zo. Direba ya juya baya ya hau hura wutar shayi.

Washegari muka juyo. Na koyi cewa baƙin ciki ba a yi masa gaggawa, ba a kuma rufe shi da surutu. Zama ake yi da shi har ya fito. Muna shigowa Tamanrasset ƙanena ya kira babbar yayarmu. Ko gaisuwa bai gama ba na ji ya ce, "Yaya, a gefen kabarin wa aka sa Inna?"