Ƙwaryar Inna Mai Ɗinki

Akwai wata ƙwarya a ɗakina mai ɗinki tun daga baki har gindi. Ba ta riƙe ruwa, tsabar kaji nake zubawa a ciki. Duk sanda yatsana ya bi ta kan ɗinkin, sai in ji ƙamshin dafaffiyar gyaɗa, in ga hanyar kasuwar Ajingi a ƙarshen damina, dawa ta yi tsayi ta rufe gefe da gefe, iska tana kaɗa ta a hankali.

A ƙauyenmu, tsakanin Gaya da Ajingi, abin da ake fara koya wa yarinya shi ne kada kaya ya faɗo daga kanta. Ko tuntuɓe ta yi, hannunta sama yake tafiya ya tare kayan, ta bar gwiwa ta daku. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ita kaɗai ce ba ta ganin wannan abin yabo ne.

Bayan la'asar takan zauna kusa da turmi. Duk wadda ta zo wucewa da kaya a ka, sai ta cafke mata hannu. Ga ƙarfi kamar ba tsohuwa ba.

"Murɗa ta wajen babban yatsana, nan ce ƙofa. Taka min ƙafa da diddige. Yi ihu mana, raguwa, ko kunyata kike ji?"

Duk mun iya waɗannan. Abin da ya gagare mu shi ne sakin kayan. Kowaccenmu sai ta kai ɗaya hannun ta dafe ƙwarya, ta tsaya a riƙe kamar akuya a turke. Iya ta yi tsaki.

"Tsakanin ke da ƙwaryar nan, wa aka yi wa naƙuda?"

Wata ranar kasuwa, yayata ta ɗauki gyaɗa a ƙwaryar Inna, mahaifiyarmu, wadda ta zo da ita cikin kayan aurenta, mai zane kewaye da baki. Ba a cika fita da ita ba. Ina bayan yayata, hankalina yana kan gajimare, lokacin da wani mutum da ba mu sani ba ya fito daga cikin dawa ya kama hannunta, yana jan ta ciki.

Na ga ɗaya hannun nata ya tashi sama ya dafe ƙwaryar, kamar kullum. Sai kuma ta tunkuɗa ta a fuskarsa. Ta murɗe, ta taka shi, ta fizgi hannuna, muka ruga muna ihu. Manoma suka fito daga gonaki da fartanya, mutumin ya ɓace.

A gida, kukan ƙwarya yayata ta yi ta yi. Wani manomi ya kawo ƙwaryar rabe biyu. Inna ta karɓa, ta juya ta, ta ajiye, ta jawo 'yarta jikinta. Iya ta nemo basilla da zare.

"Wannan dai tana ɗinkuwa," in ji ta.

Yanzu jikata tana zuwa wani aji a Kano inda ake koya wa 'yan mata kare kai. Ta nuna min naushi da shuri iri-iri, da kyau kuwa, kamar rawa. Rannan ta zo wucewa tana latsa waya, na cafke hannunta. Ta ɗaga ɗayan sama don kada wayar ta faɗi.

Na aike ta ɗaki ta ɗauko min ƙwaryar.