Jirgi a Kankiya, Dogo a Kusada

Malam Badaru yana da shekara sittin da takwas. Mai gyaran rediyo ne a bakin babban titi a Kankiya, da mata ɗaya, Tani, da 'ya'ya shida da duk sun yi nasu gidajen. Tun da waya ta shigo rediyo ta daina lalacewa, domin an daina kunna ta, amma yana buɗe rumfarsa kullum da hantsi, ya share, ya zauna.

Sau ɗaya ya taɓa shiga jirgin ƙasa, daga Funtuwa zuwa Zariya, yana ɗan shekara goma sha biyu, kuma rabin hanyar barci ya yi. Wannan bai hana shi zama malami a zauren wasap na masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa ba, mutum goma sha tara daga Kano da Zariya da Kaduna har Maraɗi. Shi ke gaya musu a goge dogo da kananzir, kada a sa man gyaɗa, yana kama datti. Shi ya koya musu shafa baƙin mai a katako saboda gara, da ɗora noti biyu a kan tayoyin gaba don kada kan jirgi ya yi tsalle a kwana. Wanda ya gwada yakan dawo da godiya. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ko nasa jirgin ya taɓa tafiya. Bai taɓa ba, domin ba shi da dogo.

Kan jirgin dai yana nan, aikin shekara uku. Injinsa daga tsohuwar rediyo mai kaset ya fito, gangar jikinsa gwangwanin madara ne, sandunan tayoyin kuma wayar keke ce. Tarago huɗu ne, har da na dabbobi. Shimfiɗa dogo kuwa aikin mai wuta ne, shi ya sa ya ba taubashinsa Abdurrahim na Kusada, wanda ya yi shekara arba'in yana narka alminiyom yana zuba tukwane. A waya suka shirya. Abdurrahim ya tambayi faɗin da zai bari tsakanin ƙarfe da ƙarfe, Badaru ya jera yatsunsa tsakanin tayoyin ya ce uku. Abdurrahim ya dubi nasa hannun ya ce ya gane.

Wata goma sha huɗu ana aikin. Badaru ya nemi zuwa ya leƙa, Abdurrahim ya ce ba a nuna wa wawa ɗanyen aiki. In sun haɗu wurin ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa, ɗaya yakan ɗaga yatsu uku daga nesa, ɗayan ya ɗaga nasa, kowa ya koma gida hankali kwance.

A cikin watannin nan ne yanar ido ta fara rufe idanun Badaru. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Likita a Kano ya ba shi rana, ya ƙi zuwa, aka sake ba shi wata, ya sake ƙi. Ya san wani mai shayi da aka yi wa aikin bai dace ba, don haka ya yanke wa kansa hukunci: ba mai taɓa mashi ido sai ya ga jirginsa ya zagaya dogo sau ɗaya da ɗan ganin da ya rage. Tani ta ce wannan rantsuwar banza ce, tunda kowane wata ganin raguwa yake. Ya ce ya sani, shi ya sa yake damun Kusada da waya.

Ranar wata Asabar bayan girbin gyaɗa aka ce an gama. Badaru ya rungumo kwalin jirgin a cinya har Kusada, Tani na gefensa. Dogon yana shimfiɗe a bayan maƙera, zagaye guda mai taku ashirin, yana ƙyalli. Maƙwabta sun cika wurin, har da limamin unguwa. Badaru ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya ɗora kan jirgin. Tayoyin hagu suka hau ƙarfe, na dama suka faɗa tsakiya. Ya gyara, na dama suka hau, na hagu suka faɗa. Da ya kunna, jirgin ya kwanta a kan cikinsa yana kuka, tayoyin suna juyawa a iska.

"Kai baƙin maƙeri, wagga hanyar tirela ka yi mani ko ta jirgi?" in ji Badaru.

"Uku ka ce, uku na yi. In jirginka yunwa ta kama shi ya rame, laifina ne?"

"Ɗan iya, ka auna kuwa?"

"Kowane taku sai da na sa hannu. Tambayi liman, a gabanshi na yi rabin aikin."

Liman ya ce shi dai ya ga ana sa hannu, bai san na wa ya kamata a sa ba.

Tani ce ta ce su miƙo hannuwan. Ba ta rabuwa da tef ɗin ɗinkinta, yana ƙulle a bakin mayafi. Ta auna yatsu ukun mijinta, sirara kamar tsinken tsire, ta samu inci biyu saura kaɗan. Ta auna na Abdurrahim, waɗanda wuta da guduma suka mayar kamar rogo, ta samu biyu da rabi har da ɗoriya.

"Shekara sittin kuna musafaha, ba wanda ya taɓa lura?" ta ce. "Ni ko ɗankwali ban yanka da yatsa."

Da labarin ya isa zauren wasap, shawara ta yi ta zuba. Wani mutumin Zariya ya ce a sake sandunan tayoyi, aikin kwana biyu ne. Gaskiya ya faɗa, sai dai aikin yana son idon da ke ganin kan dalma, Badaru kuwa ya daina ganin ƙananan abubuwa irin wannan tun bara, bai gaya wa zauren ba. Ya rubuta musu cewa a ƙa'ida dogo ke bin jirgi. Mutum goma sha takwas suka yarda, tunda malam ne ya faɗa.

Abdurrahim kaɗai ya san dalili, domin ya ga yadda taubashinsa ya laluba kafin ya sami makunni. Ya dai yi ta zagin masu yatsun mata har la'asar, sannan ya sa Tani ta yanko mashi ɗan katako daidai faɗin tayoyin. Da shi ya bi zagayen, yana cire ƙusoshin ƙarfen ciki ɗaya bayan ɗaya yana matso da shi. Ƙusa ɗari uku da wani abu ne. Ya rufe maƙera sati uku, masu jiran tukwane suna ta yi mashi Allah ya isa.

An sake gwadawa ranar Lahadin da ta wuce, wannan karon ba a gayyaci kowa ba. Jirgin ya tashi da tarago huɗu, ya sha kwanar farko. Badaru ya ga bai iya hango ɗaya gefen zagayen, sai ya tattare rigarsa ya bi shi a sunkuye, fuskarsa kusa da tarago, Abdurrahim yana binsa a baya yana cewa a ba mai tikitin tsaye hanya. Haka suka zagayo su uku har inda aka fara. Badaru ya kashe injin, ya zauna a ƙasa yana haki, ya ce kwana ta biyu ta yi tsanani, a gyara.

Jiya Talata da safe ya bar jirgin a Kusada, ya ba Tani makullin rumfa, ya hau motar Kano da katin asibiti a aljihu.