Filtar Motar Baba

Alhamis: Fatakwal zuwa Anacha

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba muka fito daga layinmu na Mile One, ni a sitiyari, maigidana Malam Idi a gefena da carbinsa, galan uku na baƙin mai a but. Raina a ɓace na fito, kuma gara in faɗi dalili tun yanzu. Motar ta mahaifinmu ce. Shekara ashirin yana jigilar 'yan kasuwa da ita tsakanin Fatakwal da Aba, a cikinta ya koya mini tuƙi ina budurwa. Da idonsa ya mutu shekara huɗu da suka wuce, ya koma Inugu wajen ƙanwata Talatu, ya bar mini makulli. Tun daga nan motar ta fara zubar da baƙin mai. Ɗanlami, bakaniken layinmu, ya ce inji ya gama aiki. Shi kuwa babban wanmu Yaya Sani bai nemi shawarar kowa ba, ya kira 'yan gwangwan ya ce su zo ranar Litinin su farfasa ta su auna. Motar Baba a kan sikeli, kamar tsohon kwano!

Na ce masa man daga wajen filta yake fita, na sha durƙusawa ina gani da idona. Ya ce, "Hajara, sau nawa aka canza miki filta?" Na ce uku. Ya ce, "To kin ba kanki amsa." Ni kuwa na kafe cewa jabu ake sayar mana a Fatakwal, ta ainihi sai Anacha. Da ƙyar muka tsaya a kan magana ɗaya: in na kai motar Inugu, Baba ya shiga ya ce tana da sauran rai, za a bar ta. In ba haka ba, Litinin na nan zuwa.

A Elele muka fara tsayawa na ƙara mai. Kafin Owerri mun wuce shinge bakwai, kuma a na biyar ne wani mai kaki ya leƙo, ya dubi Malam, ya dube ni, ya ce, "Oga, why you no drive?" Malam ya yi murmushi ya ci gaba da jan carbi. Bawan Allah, albasa ce sana'arsa, har yau bai san birki da totur ba. Na miƙa lasisina. Mutumin ya juya shi gaba da baya kamar yana neman inda aka rubuta cewa wasa nake. Na cika na batse, amma na karɓi lasisina na ja mota, don lokaci nake tattali.

Ƙarfe sha biyu saura muka shiga Upper Iweka a Anacha, muka yi awa guda cur tsakanin tireloli da okada. Daga nan muka nufi kasuwar kayan mota. Duk wanda ya taɓa sayen kayan gyara a Kudu ya san ƙa'idar: ba a tambayarka komai, samfur kawai ake cewa ka kawo. Ni ma na zo da nawa a leda, filtar da Ɗanlami ya cire watan jiya. Shago na farko suka ce wa Malam ya faɗi abin da yake so, ni da nake riƙe da ledar ko kallo ban ishe su ba. Na fita. A shago na huɗu wani mai fara'a ya karɓa, ya ɗauko sabuwa fil daga kwali, ya haɗa bakinsu, ya ɗaga mini. "Hajiya, duba da kanki. Uwa ɗaya, uba ɗaya." Lallai babu bambanci. A bakin titi aka ɗaura ta ina tsaye a kai.

Mun kwana a unguwar Fegge gidan Goggo Ladi, ƙanwar Baba, wadda ta tarbe mu da tuwon shinkafa miyar agushi da faɗa. "Ke dai Hajara taurin kan ubanki kika ɗauko. Ki wahalar da Malam a kan tsohon ƙarfe?" Na ce, "Goggo, a cikin tsohon ƙarfen nan aka kai ki asibiti haihuwar autarki." Ta ce in ci tuwo in rufe mata baki. Kafin magariba na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji don in ga ko zai ɗiga.

Juma'a: Anacha zuwa Inugu

Da gari ya waye kwali fes, ko ɗigo. Ban san lokacin da na kira Yaya Sani ba. Na ce, "Yaya, ka sallami mutanenka." Ya ce, "Ki dai isa Inugu." Muka tashi shida da rabi.

Murnata ba ta wuce Awka ba. Muna hawan tudu inji ya ɗau zafi, sai ga jar fitilar mai tana ƙyaftawa. Na gangara gefen titi a Amansea, na durƙusa, ga mai yana tsiyaya daga bakin sabuwar filta kamar yadda ya saba. Wallahi sai da hawaye ya zo mini. Na tsine wa jabu da masu sayar da shi, na haɗa da mai fara'ar nan na Anacha. Malam ya ce, "Maman Amira, a yi haƙuri, wataƙila Yaya ya fi mu gaskiya." Na ce, "Malam, riƙe mini galan." Ya riƙe, na ɗura mai.

Tafiyar da ba ta wuce kilomita ɗari da 'yan kai ba, sai da ta ci mana awa biyar. A Ninth Mile Malam ya sayo okpa mai zafi, alalar gurjiya ta mutanen yankin, ni ko kallonta ban yi ba. Galan na ƙarshe ya kusa ƙarewa muka shiga unguwar Hausawa ta Inugu, ƙarfe sha ɗaya da rabi.

Baba na zaune kan benci a ƙofar gidan Talatu, ya yi shirin masallaci. Ban ko tsaya ba na ji muryarsa: "Hajara ce. Kashe ta, kashe ta, a wahale take." Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, har da batun Litinin, wanda ashe Yaya bai gaya masa ba. Ya saurara har na kai ƙarshe. Can ya ce, "Ba ni abin da kika kai kasuwa."

Na ciro samfurin daga leda na sa masa a hannu. Ya zagaya bakinsa da ɗan yatsa sau ɗaya.

"Wa ya sa mata wannan?"

"Ɗanlami, Baba. Irinta muke saya kullum."

"Ai ba tata ba ce. Zaren ne ya zo ɗaya, shi ya sa take ɗauruwa. Robar nan ta yi mata ƙanƙanta, a gefen mazauni take zama. In mota ta huce ba ki ganin komai, in ta yi zafi mai ya sami hanya."

Na zauna a ƙasa. Wato shekara huɗu da suka wuce Ɗanlami ya ɗauko wadda ta shiga ya ɗaura, ya jefar da ta Baba. Tun daga nan duk canji sai a cire ta jiki a ba ni, in kai shago, a ba ni 'yar uwarta. Kuskure ɗaya muke ta saye muna maimaitawa, har na ɗauke shi a leda na kai Anacha ina zagin mutanen da suka ba ni daidai abin da na nuna musu. Haushin Ɗanlami ya kama ni, wanda ya yanke wa inji hukunci bai taɓa auna roba ba. Haushin Yaya ya kama ni. Amma nawa na kaina ya fi ci mini rai.

Asabar: Inugu

Ƙarfe takwas Baba ya sa na kai shi kasuwar kayan mota ta Coal Camp wajen tsohon abokinsa Oga Emeka, wanda ya tashi a Jos, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Na ɗaga leda, Oga Emeka ya ce, "Ajiye wannan, 'yata. Karanto mini lambar inji." Ya buɗe wani littafi da mai ya cinye gefensa, ya bi da yatsa, ya shiga ciki ya jima, ya fito da filta mai ƙura a kwalinta. Baba ya shafa robar, ya ce, "Yauwa, ga ta."

Aka ɗaura, aka zuba sabon mai. Baba ya ce sai Milliken Hill, tsohuwar hanyar nan mai kwana-kwana da ke hawa dutse a bayan gari. Ya zauna gaba, Malam ya koma baya. Kwana ta farko na shiga a tsorace, idona kan fitila. Baba ya ce, "Daina kallon fitila. Sauko giya ta biyu, ki ba ta wuta a tsakiyar kwana." Na ba ta. Jama'a, motar nan ta kwanta ta bi kwanar lafiya lau, sitiyari ba nauyi ba rawa, inda na nufa nan take sa ƙafa. Shekara huɗu ina lallaɓa ta kamar mai jinya, na manta haka take. Kwana ta biyar na ji ina dariya ni kaɗai, Malam a baya yana ta salati. Baba ya ɗora tafinsa a kan sitiyari kusa da nawa, bai juya ba, yana dai jin yadda take amsawa. Da muka kai sama na durƙusa na duba, ƙasa a bushe.

Baba ya ce in kira masa Sani. "Sani, kai ne ka yi wa motata ciniki ina da rai? To ka ji da kyau. Idona ne ya mutu, ita lafiyarta ƙalau." Ya miƙo mini waya.

Lahadi: komawa gida

Mun baro Inugu bakwai na safe, muka biyo ta Umuahia da Aba, ƙarfe biyu muna Mile One. Ban buɗe bonet ko sau ɗaya ba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Goggo Ladi da tuwonta, da Talatu, da Oga Emeka, da Malam da ya riƙe galan bai yi ƙorafi ba. Mai fara'ar Anacha kuma ina roƙonsa ya yafe mini tsinuwar da na yi masa a Amansea.

Yaya ya manta bai sallami 'yan gwangwan ba. Litinin da hantsi sai ga su da kura da guduma da sikeli, babbansu yana tambaya ina kayan da za a auna. Na shiga ɗaki na ɗauko leda mai filta biyu, ta Ɗanlami da ta Anacha, na miƙa masa. Na ce ga su nan, ya auna, kuɗin kuma ya kai wa Yaya Sani.