Inuwar Giginya da Hantsi

Ina aji biyu a sakandare yayata ta bar mini tsohuwar wayarta. Da roba ake ɗaure bayanta, kuma duk lokacin da batirin ya motsa sai agogonta ya rikice. Malamarmu ta labarin ƙasa, Kirista ce daga kudu, ta ce in zaɓi wuri ɗaya in riƙa ɗaukarsa sau uku a rana. Na zaɓi fadamar bayan gidanmu, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Gwashi. Turmi nake takawa in leƙa ta saman katanga.

Dutse ne a yamma da fadamar, da giginya ɗaya da tsamiya. Da hantsi rana tana bayana, fuskar dutsen ta yi ja, inuwar giginya ta miƙe zuwa gindinsa. Rana tsaka komai ya yi fari fat, inuwar ta tattaru a ƙarƙashin bishiyar. Da la'asar dutsen ya yi baƙi, inuwar ta juyo wajen gidanmu.

Akwai wani dattijon Bafulatani mai farin rawani da yake shayar da shanunsa a wurin. Matarsa ce ke kawo wa Inna nono. Baffa muke ce masa. Yakan shigo hotona ba da saninsa ba.

Ranar da zan ba da labarinta, an kwana ana ruwa da iska, reshen tsamiyar ya karye. Na ɗauki hotona da hantsi. Can wajen walha aka shigo da gawar manoma biyu a kan amalanke. 'Yan bindiga sun tare su a gona, nesa da gari, da hantsi. Wani ya ce ya hango mai farin rawani yana nuna musu hanya. Kafin a gama wanke gawa 'yan banga sun jawo Baffa zuwa bakin kasuwa.

Inna ta aike ni in kirawo kawuna, ƙanenta, wanda yake cikin 'yan bangan. Na tarar an ɗaure Baffa da igiyar shanunsa, hannuwa a baya. Suna dukansa da gora da gindin bindiga. Bakinsa ya fashe, rawanin ya faɗi cikin taɓo ana takawa. Ba ya ihu. Numfashi kawai yake fitarwa duk sanda gora ta sauka.

Wayar tana cikin hijabina, kuma na san abin da ke ciki. Na tsaya a inuwar wata rumfa. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Na ce a raina bari kawu ya waiwayo. Bai waiwayo ba. Ina kallon inuwar rumfar tana janyewa, daga gabana har ta bar yatsun ƙafata a rana. A tsakanin nan wani ya kwance igiyar, ya ɗora hannun Baffa na dama a kan dutsen niƙa, ya buga. Na ji ƙarar ƙashin. Wani kuma ya zaro adda.

Sai a lokacin na je na ja rigar kawu.

"Mi kika fito yi nan? Koma gida."

Na miƙa masa wayar. Shugabansu, wani dogo mai layu a damtse, ya fizge ta.

"Wanga hoto na yaushe ne? Dubi shekarar da ta rubuta. Ko haihuwarki ba a yi ba."

Aka yi dariya.

"Agogon ne ya lalace," na ce. Ban ji muryata sosai ba. "Ku dubi inuwar giginyar. Wajen dutse ta nufa. Hantsi ne."

"Hantsin jiya ko na bara, malama?"

Na nuna masa ya ja hoton baya. Na jiya da la'asar ya fito: dutse baƙi, ƙasa a bushe, tsamiya da reshenta. Ya dawo na yau: reshe a ƙasa, ruwa a kwance, Baffa tsaye da sanda a kafaɗa.

Kawu ya daɗe yana kallo. Manomi ne, ya san inuwa fiye da ni.

"Yau ne," ya ce. "Da safen nan na ga reshen. Daga fadamar zuwa gonar, ko da babur, bai isa ya kai da hantsin ba."

Mai addar bai mayar da ita kube ba, amma ya sauke ta. Wasu suka ci gaba da zagi. Shugaban ya sa wayata a aljihu, ya ce za su bincika. Ban sake ganinta ba. Kawu ya ɗora Baffa a babur, wani ya riƙe shi ta baya, suka nufi asibiti a Bukkuyum. Rana ta kai tsaka, jinin da ke kan dutsen niƙan ya yi baƙi.

Bayan kwana goma matarsa ta shigo gidanmu ba ƙwarya a kanta. Ta ce yana raye, amma hannun ba ya riƙe sanda, kuma za su tashi. Ta dafa kaina ta sa mini albarka da Fulatanci. Inna ta ce in amsa mana. Na kasa. Matar Baffa ba ta san tsawon lokacin da na yi a ƙarƙashin rumfar ba.