Kawu Hamisu, Mai Gardama da Tele

Shekara shida ke nan da aka fita da Kawu Hamisu daga gidansa na nan Garwa zuwa makwanci, a tsakiyar zafin bazara, lokacin da ko inuwar darbejiya ba ta da wani amfani. Wan mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina, don haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba. Yadi yake sayarwa a babbar kasuwa. Jikan fatake ne da suka taso daga ƙasar Kano, suka ga kogin Binuwai suka sauke kaya, ba su ƙara komawa ba. Waɗanda suka san shi a rumfa sun san mutum mai tsare gida, mai ƙarancin magana. Mu na cikin gida wani mutum daban muka sani.

Kawu ba ya kallon ƙwallo, ba ya kallon wasan kwaikwayo. Abin da yake so shi ne shirye-shiryen tarihi da na kiɗa, waɗanda mu 'yan makaranta muke kira dokumanter. Ran Juma'a ba ya komawa kasuwa bayan masallaci. Da an yi la'asar sai ya sa a fito da tele baranda, a ɗora shayi, in dai ba a ɗauke wuta ba. Faransancinsa na ciniki ne, ni kuwa ina lise, wato sakandare, a lokacin, sai na zama tafinta. Aikin ba sauƙi, domin Kawu ba ya barin mai magana ya kai aya. Bature zai ce ga yadda wata daula ta faɗi, Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙarya yake! Tambaye shi, wa ya buɗe musu ƙofar gari?" In na ce ai ba ya jin ka, Kawu, sai ya ce, "To ke ai kina ji." In makaɗa aka nuna kuwa, ko na wace ƙasa ne, sai ya ajiye kofin shayi ya lumshe ido, ƙafarsa tana bin kiɗan. A nan kaɗai nake samun hutu.

Yana da wani amini, Malam Buba, mai goge, daga wani ƙauye a bayan duwatsun Mokolo, dab da iyaka. Tun suna samari suka haɗu, lokacin da Kawu ke bin kasuwannin ƙauye da ƙunshin yadi a bayan keke. Kowace shekara in an gama girbin dawa, Malam Buba kan zo Garwa ya yi mana 'yan makonni, ya yi wasa a biki ɗaya ko biyu, ya koma. Dogo ne siriri, mai yawan dariya. Hirarsu rabi Hausa ce rabi Fillanci, kuma ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

A wani zuwa irin wannan ne muka kalli shirin da har yau ban manta da shi ba. Labarin wani birni ne a bakin hamada, a wata ƙasa da ke yamma da mu, inda 'yan bindiga suka shigo suka hana kiɗa. An nuna wani tsoho yana riƙe da wuyan molonsa da aka karya. An nuna wata mawaƙiya da ta rufe fuska tana magana ƙasa-ƙasa. Kafin nan kuma an nuna tsohon hoton kasuwar birnin, tun ana zaman lafiya. Ina ta fassara ina jiran Kawu ya katse ni, bai katse ni ba. Shayinsa ya huce. Da shirin ya ƙare ya ce, "Buba, ka ga kasuwar nan? Ka ga mai yadin can yana auna wa mace atamfa? Shi ma a ranar yana ganin gobe zai buɗe rumfa."

Malam Buba ya tuntsire da dariya, ya ce wa zai hau dutse ya sha ƙaya don ya nemi wani tsohon mai goge? Kawu ya ce masa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya ce ya kwaso iyalinsa ya dawo Garwa tun hanya tana buɗe. Malam Buba ya ce gonar fa, ita ma a mota za a sa ta? Muka yi dariya, har da ni. A lokacin labarin tashin hankalin da ke faruwa a tsallaken iyaka muna jin sa ne a rediyo kamar labarin wata duniya.

Sau da yawa yanzu nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga yadda jikokinsa ke kallo. Babu mai fito da tele baranda. Kowa da wayarsa, kowa da kusurwarsa. Har akwai masu ɗaukar fuskarsu suna kallon abu, suna zaro ido suna riƙe baki, don wasu su kalle su suna kallo. Watannin baya na tarar da yaran gida sun taru a kan wata waya, wasu baƙi ne suka yi shiri a kan duwatsun namu na arewa: gidajen da aka ƙone, gonakin da ciyawa ta cinye, mata a layi da robobi. Yaran suka kalla har rabi, ɗaya ya ce abin tausayi, ya shafa yatsa suka wuce zuwa wani mai rawa. Ban yi musu faɗa ba. Na tsaya ne kawai ina kallonsu, domin na san irin wannan kallon. Na taɓa yin sa.

Ba a yi shekara biyu da wancan shirin da muka kalla a baranda ba, wata rana da azahar aka yi sallama a ƙofar gida. Malam Buba ne, ba lokacin zuwansa ba, da matarsa Asta da ƙaramar 'yarsu Habiba, wadda ba ta ko shiga makaranta ba. Ƙunshi ɗaya ne a kan Asta. Kawu ya dubi kafaɗar amininsa, inda jakar goge ke rataye kullum, ya ga babu komai. Bai tambaya ba. Matar Kawu, Hajiya Dudu, ta ja Asta ciki, aka ba su ruwa da abinci. Sai bayan kwanaki Malam Buba ya faɗa da kansa. 'Yan bindigar tsallaken iyaka sun shigo ƙauyen da ke kusa da nasu ran kasuwa, sun yi abin da suka yi, kuma suna tambayar su wane ne masu kiɗa a bukukuwa. Da labari ya iske shi, da hannunsa ya fasa ƙwaryar gogen, ya sa ta a murhu.

Ajiye su bai zo wa Kawu da sauƙi ba. A lokacin duk wanda ya fito daga wajen iyaka abin zargi ne, ana cewa a cikin masu gudu ake sajewa a shigo gari. Maƙwabtan da suka sha rawa da gogen Malam Buba a bukukuwan 'ya'yansu suka fara kauda kai. Wasu suka daina zuwa cin tuwo a ƙofar gidanmu. Jauro, mai unguwarmu, ya zo da jandarma biyu suna neman takardun baƙi, Asta kuwa ta baro nata a ƙauye. Kawu ya sa babbar riga ya bi su, ya tsaya wa baƙin, ya ce in an sami wani abu a kansu shi za a kama. Babban ɗansa Nasiru ya same shi a ɗaki ya ce, "Baba, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Muna da mata da yara a gidan nan." Kawu ya ce, "Su ma mata da yara ne." Nasiru ya daɗe ba ya cin abinci tare da mahaifinsa.

Kawu ya so ya sa a haɗa wa amininsa sabon goge, har ya nemo ƙwarya da tsagiya. Malam Buba ya juya su a hannu ya mayar, ya ce hannunsa ya mutu. Dariyar ma ta tafi. Abin da ke cin sa shi ne tsohuwarsa, wadda ta ƙi biyo su, ta ce ba za ta bar kabarin mijinta ba. Da damina ta ɗauke ya ce zai je ya ɗauko ta ko da a goye ne. Kawu ya roƙe shi, ya yi faɗa, ya sa limamin unguwa ya yi masa magana. Malam Buba ya ce, "Hamisu, da taka ce fa?" Sai Kawu ya haƙura. Ya raka shi tasha da hantsi. Wani ɗan kasuwa ya ce ya gan shi a Mokolo ran kasuwa yana neman mai moto, wato babur, da zai yarda ya shiga da shi bayan dutse. Daga nan ba wanda ya sake ganinsa, shi ko tsohuwar.

Kawu ya je Mokolo, ya je Marwa, ya bi duk inda aka ce an tara 'yan gudun hijira. Da ƙafa ta gaza, sai ya koma ga tele. Amma kallon ya canza. Yanzu ƙasarmu ce ake nunawa, kuma ba ya bukatar tafinta. Ba ya jin abin da mai magana ke cewa ma. Da an nuna taron mutane sai ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ya sa aka koya masa yadda ake tsayar da hoto a waya. Wata rana ya ƙwala mini kira, ya nuna wani dogon mutum a bayan layi da ya juya baya. Aka kira Asta. Ta duba, ta duba, ta ce wuyan ba nasa ba ne. Ta koma madafi. Kawu ya ci gaba da riƙe wayar har ta mutu.

Haka ya yi ta yi har hawan jini ya kwantar da shi. A asibiti, ana saura kaɗan, ya kama hannun Nasiru ya ce kada Asta da yarinyar su bar gidan nan sai in su suka so. Nasiru ya ce ya ji. Ina shaida masa a gaban kowa cewa ya cika alkawari, shi ya sa Habiba a makaranta, kuma ba ya yarda a kira su baƙi.

Da Kawu zai leƙo Garwa yau, ban san ko zai ce ai na faɗa muku ba. Ba halinsa ba ne. Ina jin kunne zai kasa, kamar yadda ya saba. Gari yana nan, kasuwa tana ci, motoci suna tsallake gada. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ɗan'uwanmu mai fataucin shanu ta hanyar Meiganga ya sayar da garkensa ya dawo gari, ya ce daji ya daina zama na makiyayi. A ƙauyukan da ba su da nisa da mu ana ɗauke mutane daga gidajensu. Wanda zai yi tafiya ba ya son la'asar ta same shi a hanya, kuma in baƙuwar lamba ta kira, sai uwar gida ta yi salati kafin ta ɗauka. Bikin ƙauye yanzu da rana ake yi a watse. Ba wanda ya kafa dokar hana kiɗa a nan, mutane ne da kansu suke rage sauti don kada a san gidan da ake da abin yin biki. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da abin da ake nunawa a waya.

Makon jiya muka taru a gidan aka yi wa Kawu sadaka, aka dafa shinkafa, malamai suka yi addu'a. Bayan an watse muna wanke-wanke, Habiba, wadda yanzu ta zama budurwa, ta matso kusa da ni ta ce, "Yaya, yaya kiɗan Babana yake? Akwai shi a wayar wani?"

Na tsaya da kwano a hannu. Babu. Duk shekarun nan da muka yi muna kallon makaɗan ƙasashen da ba za mu taɓa zuwa ba, ba wanda ya ɗauki na mutumin da ke zaune a tabarmarmu. Kawu kan ce sai baɗi in ya zo. Na buɗe baki in kwaikwaya mata, na tarar ya ɓace mini. Asta ta sunkuyar da kai. Sai Hajiya Dudu, da ke zaune a bakin ƙofa da carbi, ta fara wani ɗan guna-guni a maƙogwaro, a hankali, muryarta tana karyewa. Taken da Malam Buba ke buɗe wasa da shi ne. Ba ta kai ƙarshe ba, ta ce nan ta iya. Habiba ta ce ta sake. Ta sake. A karo na gaba yarinyar ta bi ta, Asta kuma ta tashi ta shige ɗaki.

In aka ce in auna abin da ya rage na Kawu Hamisu, ba shi da yawa a ido. An raba rumfar, telen ta lalace an jefar. Bai ceci amininsa ba, kuma gargaɗinsa bai tsayar da komai ba. Amma ya ga mutane a cikin akwati bai ɗauke su abin kallo ba, kuma ranar da suka fito suka tsaya a ƙofarsa, ya buɗe. Saboda haka ne akwai yarinya a Garwa yau da ta koyi rabin taken ubanta. Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, Ya bayyana Malam Buba ko Ya ji ƙansa a inda yake. Mu da muka rage kuma, in tamu ranar gudu ta zo, Allah Ya sa a sami irinka a bayan ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.