Zaren Kanubhai Mai Ruwan Makuba

Kanubhai Dantani ba shi da sana'a guda, bukukuwan Ahmadabad ne ke zaɓa masa. Da Holi, bikin watsa wa juna kala, ya kasa garin kala a faranti. Damina na ja da baya ya hau fentin sandunan rawar Nabaratri. Da Diwali, bikin kunna fitilu, fitilun yumɓu yake turawa a kura, da Muharram kuma Musulmin unguwarmu su kira shi ya liƙa musu takardar ado a hasumiyar gorar da suke zagayawa da ita. Duk wannan neman abinci ne. Sunansa a zare yake.

Kafin Uttarayan, bikin Janairu da gari duka ke hawa rufin gida ana tashin jiragen takarda da ake ja da zare a iska, yakan kafa sanduna biyu a bakin titi ya miƙe zare tsakaninsu. Sai ya dama garin kwalba da dafaffiyar shinkafa da rini, ya bi zaren yana shafawa da hannu. Zare mai kaifi shi ke tsinke na maƙwabci a sama. Nasa ruwan makuba ne, launin da ba wanda ya iya haɗawa sai shi.

Na dawo daga karatu a Ingila bayan shekara tara, na tarar da shi inda na bar shi.

"A'a, Bature ya dawo!" in ji shi. "Su ma suna da sama a can, ko hazo ya cinye?"

"Kawu, har yanzu kana yanka hannunka?"

"Nawa ne. Naka wane aiki ya taɓa yi?"

Abin da na gani sabo shi ne wata waya da aka lanƙwasa kamar baka a gaban kowane babur, don zaren da ya tsinke ya faɗo titi ya same ta kafin ya sami wuyan mutum. 'Yarsa Jigna, ma'aikaciyar jinya, tana da ita a nata babur. Shi ya ɗaura mata.

Ana gobe biki, da hantsi, masu saye sun yi layi, sai keken naɗe zarensa ya ɓalle. Ya waiga, ga babur ɗin Jigna a jingine. Ina tsaye da kofin shayi ya kwance wayar ya ɗaure keken.

"Kawu, ita fa?"

"Yau hutu take. Kafin yamma na mayar."

Ashe an kira ta daga wurin aiki. Ta tura babur ta lungun baya ta tafi, hayaniya ba ta bar mu mun ji ba.

Rana tsaka sai ga matarsa Sabitaben a guje, ba takalmi. "Baban Jigna! Baban Jigna! An yanka ta!"

A kan gadar kogi zare ya kama ta a maƙogwaro. Wani mai adaidaita ne ya naɗe wuyan da gyalenta ya kai ta asibiti. Mun sami mai adaidaitar a barandar asibitin, rigarsa jina-jina. Ya miƙo wani abu a cikin jarida.

"Baba, ga abin da ya yanka ta. Wanda ya haɗa wannan, Allah ya saka mata."

Kanubhai ya buɗe. Tsakiyar zaren jini ya mai da shi baƙi, amma bakinsa biyu ruwan makuba ne. Ya murza shi tsakanin yatsu, kamar yadda yake yi wa masu saye. Sabitaben ta dubi zaren, ta dubi hannunsa da rini bai bushe ba, ta zame ta zauna a ƙasa. Ni kuwa a gabana aka kwance wayar.

Awa uku muna nan kafin likita ta fito. "Za ta rayu. Saura kaurin ƙwayar shinkafa ya kai babbar jijiya. Murya kuwa, ban yi alkawari ba."

Washegari gari ya hau rufi, ana cin kantu, ana ihu duk sanda wani jirgi ya tsinke. Na bi Kanubhai gida-gida yana roƙon a dawo masa da zarensa.

"Ranar biki? Ka sha wani abu ne, Kanubhai?" wani ya leƙo daga sama yana dariya. "Naka ya fi na kowa ci, mun tsinke goma sha biyu tun safe!"

Mutum biyu kawai suka mayar. Muka tsaya a titi ya ɗaga kai, ko'ina a sama makuba.

Bai sake dama kwalba ba. Holi da Diwali yana nan da kurarsa, amma Janairu na kamawa za ka same shi a gindin gadar nan da filaya da damin waya, yana tare babura ya ɗaura musu wayar kare wuya. Wasu su tsaya, wasu su zage shi su wuce. Jigna ke kawo masa abincin rana. Takan yi masa faɗa in bai ci ba, amma sai ya ajiye filaya ya kai kunnensa dab da bakinta kafin ya ji.