Dankalin da ba ya son duka

Tun ina saurayi wani ma'aikacin jirgin ruwa a tashar Tema ya ce mini wai akwai abincin da daka ke ɓatawa. Na yi dariya har hulata ta faɗi. A unguwarmu Nima, inda rogo ma sai ya sha taɓarya?

To jiya ɗana Awudu ya kawo matarsa Rahina gida karon farko, haifaffiyar Jamus. Hajiya matata ta ji wai Rahina tana son murjajjen dankalin turawa da madara, ta rantse sai ta burge suruka. Ta dafa, ta juye a turmin da muke daka sakwarar fufu, ta dinga kirɓa kamar ya zage ta.

Jama'a, danƙo ya fito! Na ɗaga cokali, kwano ya biyo ni.

Idon Hajiya ya yi rau-rau. Sai ga Rahina ta leƙo, ta hango asanka, kaskonmu na niƙa yaji.

"Mma, ai kina da abin da ya fi na Jamus. Shi dankali ba a dukansa, lallashinsa ake yi."

"Lallashi? Shekara arba'in ina lallashin Alhaji, dankali ne zai gagare ni?"

Suka dafa sabo, suka murje a hankali, suna ta ƙyaƙyata dariya. Kwano biyu na share.

Ku kun taɓa jin wannan zance? Ni dai wadda ta faɗa mini na ƙarshe Hajiya ce, yau da safe, wai tun tana yarinya ta sani.